Sharaɗin Ɗangana

Ina kan keken ɗinki a kasuwar Yelwa wayar Lubabatu ta shigo. Ta ce, "Malam Habibu, abokinka ya cika." Na tsayar da keken.

Tare muka tashi da mijinta Ɗangana. Direban jirgin ruwa ne, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Yelwa da ƙauyukan bakin ruwa. Bai yarda da abin da idonsa bai gani ba. In ya kai inji gyara, nan zai tsuguna, kuma duk ƙarfen da aka cire sai an miƙo masa abinsa.

Bara ɗaya daga cikin 'ya'yan marainansa ya kumbura ya yi tauri. Ya ce gwaiwa ce. Da ƙyar na ja shi asibiti. Likitan, wani matashi mai sanyin magana, ya duba hoton da aka ɗauka, ya ce ciwon daji yake zargi. Za a cire mai ciwon, ɗayan ya isa haihuwa, kuma in aka yi da wuri yawanci ana warkewa.

Ɗangana ya ƙura masa ido. "In kun cire, ina za ku kai shi?"

"Sakkwato, Baba, ɗakin gwaji."

"Wa zai raka shi?"

Likita ya fara murmushi, ya ga ba wasa ba ne, ya bari.

"Ni dai a ba ni abuna in rufe da hannuna. Mun san abin da ake yi da sassan mutane."

"Sai an gwada za mu san maganin da zai biyo baya."

"Habibu, tashi mu tahi."

Ya koma kan saƙe-saƙi. Ni ma, Allah ya sani, maganar raka shin nan ta tsaya mini a rai.

Da na je duba shi na ƙarshe, yana kwance a zaure, ya rame, tari ya hana shi sakat. Ya riƙe hannuna.

"Tela, kana ganin yaron likitan nan da gaske yake?"

"Ina ganin haka, ɗan'uwa."

"To bayan kasuwa mu koma. Amma in an cire, kai za ka raka abun har Sakkwato, a kan cinyarka. Ban yarda da kowa ba."

Na ce, "Ko a ka ne zan ɗauka."