Ragowar feshin Baba

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina sabon shiga noman biyo, wani abu ya same ni a garkata, wato lambuna na noman rani, a Badaguishiri nan Nijar, wanda har yau idan na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. A ranar kam ba dariya na yi ba. Saura ƙiris na yi hawaye a gaban baƙi, da gemuna da komai.

Ga wanda bai sani ba, noman biyo shi ne ka noma abinka ba takin zamani, ba maganin ƙwari na kwalba. Takin dabbobi da ruɓaɓɓiyar ciyawa ne abincin ƙasa, ƙwari kuma a kore su da ruwan 'ya'yan dogon yaro da barkono. Wani abokina na Dogarawa ne ya ja ni ciki. Ya ce akwai wata ƙungiya da ta haɗa manoman albasa na nan wajenmu da na Najeriya da na Burkina, suna tara kaya wuri ɗaya su cika mota zuwa Gana, inda akwai masu saye da ba sa son albasar da ta sha magani. Abin da ya fi burge ni shi ne ba wani bature ne zai zo ya duba gonarka ba. Manoma ne ke duba junansu. Namu su tsallaka su duba na Najeriya, na Najeriya da na Burkina su zo su duba namu. Idan sun yarda da kai, buhunanka su hau mota. Idan ba su yarda ba, kai da kasuwar gari.

Sai dai ba a karɓar mutum da wuri. Sai ƙasarka ta yi rani uku ba ta ga kwalba ba. Na yi waɗannan shekarun ina jidar taki da amalanke, ina daka 'ya'yan dogon yaro har tafin hannuna ya yi kanta, matata tana mita na ɓata mata turmi da ɗaci. A rani na ukun ne aka ce baƙi za su zo su duba ni. Idan na wuce, albasata za ta hau motar a karon farko. Idan na faɗi, sai na koma farawa daga tushe, kuma gaskiya ban ga ƙarfin sake wasu shekarun uku a jikina ba.

To, garkata tana manne da ta ƙanin mahaifina. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya yi mini aure, kuma tun da na yi wayo Baba nake ce masa. Asalin garkar ɗaya ce ta kakanmu, aka raba ta da baki kawai. Babu shinge, babu ƙaya, sai wata 'yar hanyar ruwa da kowa ke tsallakawa.

A kwarinmu akwai wata al'ada da kowa ya tashi ya tarar. Idan ka gama feshi magani ya rage a famfo, ba ka zubarwa. Sai ka tsallaka ka fesa wa maƙwabcinka fangalin da ke kusa da kai. Zumunci ne, kamar ka miƙa wa mutum goro. Wanda ya zubar da ragowa a ƙasa alhali ga albasar ɗan'uwansa a gefe, sai a daɗe ana maganarsa a majalisa.

Na san da wannan, shi ya sa tun farko na zauna na yi wa Baba bayani. Na sake yi, na kuma yi. Kullum sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, to, Allah shi ba da sa'a." Ni kuwa ina ta jin daɗi na iya wayar da kan dattijo. Ashe shi a ransa ya riga ya gama fassara abin: yaron nan ƙarfinsa ne bai kai sayen magani ba, kunya ta hana shi faɗa, shi ne ya fake da wani biyo. Duk tsawon lokacin nan yana kallona ina daka ɗaci yana jin tausayina. Bai taɓa tsallakowa da famfo ba saboda kullum ina garkar, kuma ba ya son ya kunyata ni ido da ido.

Ana gobe baƙi za su zo na tafi Konni tarbarsu, na kwana can. Da safe muka kamo hanya tare. Su biyu ne. Akwai wani Alhaji daga wajen Sakkwato, dattijo mai yawan raha, da wata mata daga Burkina da kowa ke ce wa Madam. Ita ba ta da yawan magana, Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana sirkawa da Faransanci. Tun a mota na cika su da surutu. Na ba su labarin takina, na ba su labarin turmina, har na ce ƙasata ta manta da warin kwalba. Da na san abin da ke jirana da na yi barci a motar nan.

Muna shiga garka na ji shi. Duk wanda ya taɓa feshi ya san warin nan mai kama maƙogwaro. Na ce a raina daga garkar Baba iska ke kawo shi. Madam ta yi gaba. Ta wuce kai tsaye zuwa fangalin da ke bakin hanyar ruwa, ta durƙusa, ta tsinki ganye ta murza ta kai hanci. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Wannan ba biyo ba ne," in ji ta.

Na buɗe baki zan rantse, sai ga Baba ya taho cikin babbar rigarsa ta Juma'a, fuska cike da fara'a. Ya gaisa da Alhaji hannu biyu, ya yi wa Madam sannu da hanya, sannan ya nuna albasata da sandarsa.

"Kun ga yadda ta yi kyau ko? Ai jiya da marece na hesa mata magani. Na ga ƙwari sun hwara taɓa ganye, sai nic ce ba ni barin ɗana shi ji kunya gaban mutanen wata ƙasa."

Ya faɗa yana dubana, yana jiran godiya.

Wallahi haushi ya kama ni, amma wa zan ɗora wa? Mutumin da ya ciyar da ni tun ina ƙarami, wanda ya saɓa famfo a bayansa mai ciwo don ya rufa mini asiri? Na sunkuyar da kai na ce, "Na gode, Baba."

Alhaji ya yi ta maza ya danne dariya, ya kasa. Da ya nutsu sai ya kama hannun Baba ya ja shi gindin mangwaro, muka bi su muka zauna. Ya yi masa bayani a hankali, irin na tsara da tsara. Ya ce motar da za ta tafi ba ta mutum ɗaya ba ce. Buhun ɗan Nijar da na ɗan Najeriya da na ɗan Burkina duk a jere suke, kuma masu saye ba sa tambayar na wane ne. Idan suka ji magani a buhu ɗaya, motar gaba ɗaya ce ta yi ƙarya, kuma badi ba wanda za a saurara a cikinmu.

"Malam, ɗanka ba rashi ya hana shi sayen magani ba," in ji Alhaji. "Da gangan ya bari. Shekarun ga da kag ga shina wahala, ranar yau shika jira."

Na ga fara'ar Baba tana gushewa a hankali. Sai ya juyo gare ni.

"Ke nan ɓata maka ni yi?"

Wannan tambayar ta fi maganar Madam yi mini zafi.

Can sai ya ce to a ɗebi tasa albasar a cike gurbin tawa, ko nawa ne ya ba ni. Madam da ba ta yi murmushi ba tun Konni sai da ta rufe baki da gyale. Alhaji ya ce, "Malam, taka ai ita ta hi shan maganin."

Madam ce ta dawo da mu kan magana. Ta ce a ƙa'idarsu wanda ya yi feshi ya ɓoye, fitar da shi ake yi. Wanda aka yi wa bai sani ba kuma, ana duba iya inda maganin ya kai, in dai za a iya tabbatarwa. In ba za a iya ba, garkar duka ta koma farko. Ta tambayi Baba ko zai iya nuna inda ya fesa.

Baba ya miƙe ya tattare rigarsa ta Juma'a a kafaɗa. Ya shiga gaba muna biye. Ya nuna inda ya tsallako, ya bi layin da ke bakin ruwa yana nuna sawun takalminsa da ke nan a cikin laka, ya shiga layi na biyu, ya je tsakiya ya tsaya ya kafa sandarsa.

"Nan ta ƙare. Ragowa ce, ba ta da yawa. Da na so in haɗa wani in gama mai duka, sai anka kira salla."

Ban taɓa jin daɗin kiran sallar magariba kamar na wannan ranar ba, ko da yake ban ji shi da kunnena ba.

Madam ba ta ɗauki maganarsa haka kawai ba. Ta bi sauran fangalin ɗaya bayan ɗaya tana murza ganye tana shinshinawa, tana buɗe tsakiyar ganyen. Can ciki ta tarar da ƙwarin suna yawonsu lafiya lau. Ni da na yi shekaru ina yaƙi da ƙwarin nan, ran nan kamar in rungume su. Ita da Alhaji suka koma gefe suka yi shawara, ni kuwa ina tsaye ina ta karanto duk addu'ar da na iya. Da suka dawo suka ce layukan da aka fesa da na kusa da su an cire su, za a kafa kara a kewaye su, su sake jiran nasu lokacin. Sauran garkar ta wuce. Amma da sharaɗi ɗaya, dole a yi shinge tsakanina da maƙwabci.

Murnata ta koma ciki. Shinge tsakanina da Baba? A garkar da tun kakanmu ba a taɓa kafa ko ƙaya ɗaya ba? Gobe garin nan kowa zai ce na samu mutanen waje na katange ubana. Na fara kame-kame, Baba kuma ya kau da kai yana kallon wani wuri.

Alhaji ne ya raba gardamar. Ya ce su ma can wajensu sun sha wannan, don al'adar ragowa ba ta san iyakar ƙasa ba. "Mu ba mu sa ƙaya. Zogale muka shukawa, shi tare iska, kuma gida biyu su ci miya." Madam ta ce a wajensu ma haka ake yi, kuma ta yi alkawarin aiko da irin nasu mai saurin tashi.

Ta kuwa cika alkawari, irin ya zo a hannun direban motar. Ranar da buhunana suka hau, Baba yana tsaye a bakin titi har motar ta ɓace. Da lokacin shuka ya yi, na je garka da safe na tarar ya riga ni. Shi da kansa ya jera zogalen a bakin hanyar ruwa, layi biyu. A tsakiya ya bar wata 'yar kafa daidai wucewar mutum ɗaya. Na dube ta, ya dube ni, ya ce, "Wagga ta gaisuwa ce."

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, zama da mutanen wata ƙasa bai ba ni wuya ba ko kaɗan. Alhaji da Madam sun zama kamar dangi, na je garkokinsu na duba su kamar yadda suka duba ni, kuma ban yi musu sassauci ba. Mai wuyar shi ne mutumin da ke sonka, wanda yake taimakonka da abin da ya sani. Ni na yi ta yi wa Baba bayani da baki, shi kuma yana sauraron abin da ya ɗauka ina ɓoyewa. Da baƙin nan sun zo da ƙa'ida kawai ba su san darajar dattijo ba, da na samu mota na rasa uba, ko na riƙe uba na rasa mota.

Yanzu zogalen ya fi ni tsawo. Baba ya daina sayen kwalba tun ranin da ya ga albasata ta kai damina a rudu, rumbun da muke ajiye albasa, tasa ta ruɓe, ko da yake har yau cewa yake tsada ce ta hana shi. Matata ta huta, don turminsa muke ɓatawa yanzu. Kwanan baya ina cikin ban ruwa na ji motsi, na ɗaga kai sai ga shi ya ratso ta kafar nan da famfo a baya, yana fesa wa layina na bakin ruwa. Na zabura na nufe shi, na ce an kuma irin ta wancan karon. Sai iska ta kawo mini ɗacin dogon yaro da barkono.

"Baba, ai na yi nawa jiya."

Bai ko waiwayo ba. "Ragowa ce," in ji shi. "Ba a zubarwa."