Dakta Mas'uda da Takardar Saliha

Kullum da hantsi, kafin ta shiga aji a jami'a, Dakta Mas'uda Uzairu kan biya gidan da wani ya dawo daga ƙasar waje. Takan zauna cikin 'yan sannu da zuwa, ta karɓi dabinonta, ta shiga tambaya. Me ake ci a can? Awa nawa ake barci? Fasfo a hannun wa yake kwana?

Da ta fara bincike kan mutanen ƙasar Katagum masu zuwa aikatau ƙetare, takardun tambayoyi ta raba a Azare, tana neman masu shirin tafiya. Ko mutum ɗaya ba ta samu ba. Wa zai faɗi tafiyarsa kafin ya sauka, baki ya kama shi? Abokan aikinta maza suka yi ta dariya, wai ta karanto dokokin ƙwadago na duniya ta manta halin garinsu. Ta koma bin waɗanda suka dawo, yau shekara ashirin da shida.

A irin wannan zaman ne Goggo Meram ta ja ta ɗaki bara. 'Yarta Saliha za ta tashi jibi, ko maƙwabta ba su sani ba.

"Hajiya sarkin tambaya, duba mana takardar nan. Amma kada kowa ya ji."

Dakta ta karanta. "Saliha, kin san an rubuta uwar ɗakinki ce za ta riƙe fasfonki, kuma babu ranar hutu?"

"Ejan ɗin da ya samo mini aikin ya ce haka kowa yake sa hannu."

"Kowan nan na zauna da su, 'yata. Ban ce kada ki tafi ba. Ki tafi ta hanyar da za ki iya dawowa."

Aka nemi ejan ya gyara takardar ya ƙi, jirgi ya tashi babu Saliha. Wata biyu Goggo Meram ba ta amsa gaisuwar Dakta, ita kuwa Dakta tana ta rubuta wa masu ɗaukar ma'aikata wasiƙu har aka samu yarjejeniya mai kyau. Yanzu Saliha tana can, fasfonta na cikin jakarta.

Ke ce kika jure dariya da gaba, Dakta, ba ki daina tambaya ba. Mu ɗalibanki mata mun gode, Allah ya saka. Duk wadda ta iya karatu a cikinmu, ta nemi maƙwabciyar da ke ɓoye takarda, ta karanta mata kafin ta dangwala yatsa.