Ido Ɗaya a Ranar Husufi

Babanmu ido ɗaya gare shi. Na dama ya mutu tun ina firamare, ranar da karan dawa ya soke shi a gona, aka yi ta ɗiga masa ruwan ganye har ya yi fari fat. Da na hagun yake komai. Da shi yake zaɓen irin doya, da shi yake gane mu tun daga nesa, da shi kuma yake harararmu in mun yi laifi. Likitan da ya duba shi daga baya ya ce mu lallaɓa wannan ɗin kamar ƙwai, don babu na canji.

A shekarar da aka yi babban husufin rana, ina ɗinki a kasuwar Wuse, shi kuma yana ƙauyenmu a bayan Bwari. Tun da saura makonni rediyon shagonmu ya dame mu da zancen. Wata rana aka kawo wani masanin taurari a rediyon. Ya ce a wasu ƙasashe ana gina ɗakuna a ƙololuwar manyan duwatsu, can sama da gajimare da hayaƙin gari, a kafa manyan madubai na hangen nesa. Mutane suna zaune a wurin shekara da shekaru, suna bin tafiyar rana da wata da taurari, suna lissafi. Da irin wannan aiki, in ji shi, aka san ranar da wata zai gifta ta gaban rana, har da sa'ar.

Ni dai a raina na ce marasa aikin yi. Mutum da lafiyarsa ya hau dutse ya zauna kallon sama, mu muna nan muna fama da zare da allura. Sai mutumin ya ƙara wata magana da ta sa na ɗauke ƙafata daga kan keke. Ya ce kada kowa ya kuskura ya kalli ranar, ko da ta yi duhu-duhu. Tana ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba, sai daga baya mutum ya ga wani baƙin tabo ya zauna a tsakiyar ganinsa, kuma sau da yawa ba ya tashi. Gabana ya faɗi, don na san uban da Allah ya ba ni.

Ran Lahadi na tafi gida takanas. Na same shi yana wasa fartanya, na zayyana masa komai.

"Wane ne ya hau sama ya tambayo?" in ji shi. A Hausar Baba, rana da mota duk maza ne. "Rana zai mutu ƙarfe kaza, kamar mota ne yana da lokacin tashi? Ku 'yan Abuja, komai rediyo ya faɗa kun haɗiye."

"Baba, to ko ma ƙarya ce, kar dai ka kalla."

"A zamanin kakana da ya faru, dattawa ne suka fita fili suka duba, suka faɗa wa gari abin da ke nan. Yanzu ni ne babba a gidan nan. In ya faru, zan ɗaga kai in gani da kaina."

Na yi faɗa, na yi magiya, har na yi kuka. Ko gezau. Mama ta ja ni gefe ta ce in koma bakin aikina, ran nan za ta ɓoye masa fartanya ta tsare shi a ɗaki. Na yarda, amma barcin kirki bai ƙara ɗaukata ba.

Ranar da aka faɗa, ina buɗe shago sai ga wata 'yar ƙauyenmu mai kawo doya kasuwa. Bayan gaisuwa ta ce, "Ai na wuce Baba a hanyar gona da sassafe. Ba fartanya a hannunsa ma, sanda kawai."

Ban san lokacin da na bar shagon a buɗe ba. Baba ba shi da waya, ta maƙwabcinmu kuma na kira ta ƙi shiga. Na faɗa tasi kore da fari, na ce wa direba, "Oga, don Allah Bwari, ko nawa ne."

Muna wuce Dutse hasken ya fara canjawa. Babu hadari ko ɗigo a sama, amma rana ta yi laushi, ta koma kamar fitilar da kananzir ɗinta ke ƙarewa. Direban ya duba agogonsa ya ce, "Kai! Mutanen nan fa sun faɗi daidai." Daga nan ya shiga salati. Mutane sun fito bakin titi, wasu da bahon ruwa suna leƙawa, wasu sun kare fuska da hannu. Iska ta yi sanyi. Ni kuwa gumi nake. Abu ɗaya nake gani a zuciyata: Baba a tsakiyar kunyoyin doya, ya ɗaga kai da wannan taurin kan nasa, idon nan guda a buɗe. Na yi ta tunanin wa zai riƙa ja masa sanda, mutumin da ko ruwan wanka ba ya yarda a ɗaukar masa. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, har da haushi, don na rantse in na same shi lafiya sai ya ji bakina.

Daga Bwari na hau acaɓa. Kafin mu kai, kaji sun fara komawa akurki, gari ya yi tsit. Na sauka a bakin rafi na ƙarasa da gudu, takalmi a hannu.

Na hango shi a gindin ɗorawar da ke tsakiyar gonar, zaune, kansa a sunkuye. Na tsaya cak. Na ce shi ke nan, an gama.

"Baba!"

"Ke, daina ihu. Zo ki gani."

Ƙasa yake kallo. Hasken da ke ratsowa ta cikin ganye ya zube a ƙasa, kowane ɗigo ya zama ɗan lauje kamar jinjirin wata, sun cika gindin bishiyar. Ban bi ta kansu ba. Na durƙusa na kama fuskarsa da hannu biyu, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Kana ganina? Baba, kana ganina?"

"Ina ganinki mana. Ɗankwalinki ma ya faɗi a hanya."

"Ka kalla?"

Ya ajiye sandar a gefensa.

"Na zo ne in yi musu dariya," in ji shi. "Sai ga shi ya fara, daidai lokacin da suka ce. Na ce mutumin da ya san wannan tun kafin ya faru, in ya ce ido zai ƙone, to zai ƙone."

"To ka kalla ko ba ka kalla ba?"

"Na ce zan ɗaga kai, na ɗaga." Ya kai tafin hannunsa ya rufe idon hagu ruf, ya danne shi da ƙarfi, ya juya farin idon nan da ya daɗe da mutuwa zuwa sama. "Haka na yi. Ban ga komai ba."

Duk faɗan da na taho da shi tun daga Wuse ya ɓace. Na zauna daɓas a kan ƙasa na fashe da kuka. Bai ce in yi shiru ba, bai kuma sauke hannun daga idon ba, sai da na ce masa rana ta dawo.