Alƙaluman Ƙaho na Baban Ladi

Bana shekara tara ke nan da muka binne mijina Bitrus, wanda duk Kafanchan ta sani da Baban Ladi. Har yau in na ji ƙaurin gashi a wuta, sai na waiga.

Da ya bar aikin gyaran jirgin ƙasa, sai ya kafa ɗan injinsa a bayan gida yana yin alƙalami da ƙahon shanu. Abokinsa Malam Sale mahauci ne ke tara masa fararen ƙahoni, irin waɗanda haske ke ratsawa. Sai ya yanka, ya huda tsakiya a hankali, domin in ya yi gaggawa sai zafi ya tsaga ƙahon. In yana hudawa, gidan duk sai ya ɗauki ƙauri kamar na gashi a wuta. Sannan ya tsoma gashin kaza a fenti ya shafe cikin ramin, don kada ƙarfen da zai zura ya nuna ta waje. In ya fiƙe ya goge, sai ka ga ja ko shuɗi kwance can ciki. Malaman makaranta har daga Zonkwa suke zuwa saye.

Lokacin da garinmu ya rikice, an ƙone shagon yayana Yakubu ƙurmus. Kowa ya koma unguwar 'yan addininsa. Ana cikin wannan zaman ɗar-ɗar Bitrus ya gama alƙalamin da ya yi wa 'yar Malam Sale alkawari, saboda ta samu shiga kwalejin malamai. Da ya tashi kai mata, na tare ƙofa.

"Baban Ladi, in ka je ba ka dawo ba fa?"

"Maman Ladi, yarinyar nan ba ta ƙone shagon kowa ba."

Ya tafi. Na wuni a durƙushe ina addu'a. Da la'asar sai ga shi da buhun ƙaho a kafaɗa, Malam Sale ya rako shi har bakin layinmu.

Yaya Yakubu bai yafe wannan tafiya ba. Ya daina shiga gidanmu. Ko da hawan jini ya kwantar da Bitrus bai leƙo ba, ranar biso ma daga nesa ya tsaya.

Yau kasuwa cike take da biron roba, kuma jikokinmu ba su san hanyar gidan Malam Sale ba. Nakan tambayi kaina me Bitrus zai ce. Ina jin takalminsa kawai zai ɗauka, ya kai su can.

Injin ya yi tsatsa, ba wanda ya gaji sana'ar. Amma Kirsimetin bara Yaya Yakubu ya shigo yana dogara sanda, ya wuce bayan gida ya zauna a bencin mijina. Ya daɗe yana jujjuya wani guntun ƙaho da aka huda, aka yi wa fenti, ba a ƙarasa ba.

"Ƙanwata, kin ba ni wannan?"

Na ce ya ɗauka. Ya sa a aljihu, ya kuma tsaya muka ci abinci tare.