Goran da Na Rataye a Mashigi

Mutanen garinmu ba mutanen ruwa ba ne. Manoma ne kaka da kakanni, gero da dawa da gyaɗa, kuma ruwan da suka sani shi ne na rijiya da na rafin da ke ƙafewa da rani. Ruwa ne ya zo ya same su. Da aka yi dam, tun kafin a haife ni, ya cinye tsohon gari da gonakinsa da maƙabartarsa, aka dawo da mutane kan tudu ta wajen ƙauyen Turawa. Abin da ya rage a sama shi ne gangar wata giginya marar kai, tana tsaye a cikin ruwa, ba nisa da gaɓa. Dattawa suna cewa a ƙofar masallaci take. Ban sani ba ko haka ne, don na ji wasu sun ce a bakin kasuwa take.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana tatsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli, kuma duk ranar kasuwar tsallake sai ta shiga kwale-kwale da kayanta. Ba ta iya iyo ba, kamar kusan duk tsararta. Wuri biyu ake shiga jirgi. Akwai mashigin gari, inda ƙasa ta kwanta ruwa yake ƙaruwa a hankali, akwai kuma mashigin kwari can gaba, inda gaɓa ta yanke tsaye a kan tsohon kwarin rafi. Wannan na biyun masu shanu ne suka fi bi, su ma ba da son ransu ba.

Shekarar da na dawo daga hidimar ƙasa ina zaman jiran aiki, na raka Inna mashigin gari wata safiya da kaka, ruwa ya cika taf. Kwale-kwalen da ke tahowa ya bugi wani kututture da ke ƙarƙashin ruwa ya karkata. Sauran mutanen ciki suka kama gefensa. Wani tela daga tsallake ne ya rabu da jirgin, tsakaninmu da giginyar nan. Ina ganin fuskarsa, ina ganin tef ɗin awo a wuyansa. Inna ce ta fara cire gyalenta, sauran mata suka cire nasu, aka ƙulla su baki da baki aka jefa. Yadi ba shi da nauyi. Ya buɗe a iska ya faɗo kan ruwa kusa da ƙafafunmu. Aka jawo aka sake jefawa. Abin da ban taɓa sani ba sai ranar shi ne mai nitsewa ba ya ihu. Kallonmu kawai yake yi, kamar mutumin da ya yi sallama yana jiran a amsa.

Na kwanta zazzaɓi bayan nan, ban ga yadda masunta suka zo suka nemo gawar ba. Ina ambaton wannan ne don yana da nasaba da abin da ya biyo baya. Ga shi kuma tun ina ƙarami makarantar kwana nake, al'adun bakin ruwa da yawa sun wuce ni. Wataƙila an taɓa faɗa mini ban riƙe ba.

Da na warke, na yi ta karance-karance a waya. Na ga a wasu ƙasashe doka ce a ajiye igiya da abin da ke yawo a kan ruwa a duk inda jama'a ke shiga jirgi, don wanda ke gaɓa ya jefa wa wanda ya faɗa. Na ga abin bai fi ƙarfinmu ba. Na je wurin mai unguwa, muka gaisa, muka tambayi gida da gona da gajiya, sannan na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallon tabarma, ya ce, “To, Malam, Allah ya saka wa niyya.” Na ɗauki wannan a matsayin izini. Yanzu ina jin ba izini ba ne, ba kuma hani ba ne.

Na nemi irin zoben ceton nan mai ruwan goro da na gani a hoto, ban samu a Karaye ba. Sai na sayi babban gora irin wanda masunta ke kwantawa a kai su shiga ruwa, da sabuwar igiya mai tsawo. Masuncin da ya sayar mini ya ce, “An yi rashi ne?” Na ce a'a, kariya ce. Ya dube ni, ya miƙo mini goran da hannu biyu.

Da yammacin jajiberin kasuwa na kafa turke a mashigin gari, na ɗaure igiyar a wuyan goran na rataye. Na gwada jefawa, na ga tana kaiwa giginyar. Na koma gida raina a kwance, abin da na daɗe ban ji ba.

Da safe na riga matan zuwa don in nuna musu yadda ake jefawa. Na hango su sun gangaro a jere da kaya a ka, suna hira. Ta gaba ta tsaya cak. Hirar ta mutu daga gaba zuwa baya, kamar an bi fitilu ana hurewa. Wata ta sauke kayanta ta fara salati. Inna ta ratso su ta zo gabana. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana.

“Kai, wane ne?”

“Wa, Inna?”

“Wanda ke cikin ruwa.”

Na ce babu kowa. Na fara bayanin igiya da nauyin gora, da yadda ake tsayawa a jefa. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, “To wa kake jira?”

Mai kwale-kwale, wani dattijo mai barkwanci da ya san ni tun ina goye, shi ya warware mini. A wurinmu gora ba ya hawa turke a mashigi sai akwai gawa a ruwa. Masunta ne ke rataye shi muddin ana nema, don wanda ya zo ya sani, kuma ba a shiga jirgi a ƙarƙashinsa, ba a ɗiban ruwa, sai an samo mutum an sauke shi.

“Malam, kai da ka yi jami'a,” in ji shi, “ka zo ka buɗe mana zaman makoki ba mamaci. Wa za mu yi wa gaisuwa, kai ko goran?”

Na ce, “Baba, ai wannan sabo ne, na ceto ne.”

“Ka rubuta masa a goshi mana, ko ruwa ya iya karatu.” Ya yi dariya, amma bai dubi turken ba. Ya tura jirginsa ya nufi mashigin kwari, matan suka bi gaɓa da ƙafa, Inna a cikinsu.

Ban sauke shi ba. Na gaya wa kaina cewa mutane za su saba, kuma har yau ban tabbata tunanin banza ba ne. Amma makonni suka wuce, ba wanda ya saba. Mashigin gari ya mutu. Ciyawa ta fara rufe hanyar, mata suka daina zuwa wanki, har tsuntsayen da ke bin ɓawon gyaɗa suka daina sauka. In iska ta kaɗa, goran yakan bugi turken, ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe ba.

Inna kuwa duk ranar kasuwa tana mashigin kwari. Na bi ta sau ɗaya. An sassare matakala a jikin yumɓu, tana da santsi, kuma ruwan da ke ƙasa baƙi ne tun daga baki, ba a ganin gindinsa. Tana saukowa da jarkar mai a ka, ƙafarta ta zame. Mai kwale-kwale ya tare ta da filafilin tuƙin jirgi a ƙugu, ta faɗa cikin jirgin a zaune. Matan suka yi ta dariya, ita ma ta yi, tana cewa tsufa ne ba ruwa ba. Ni na tsaya a sama ina kallo. A nan ko igiyar tana hannuna ban san abin da za ta yi ba.

Akwai kuma wani abu da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Ina zuwa duba goran da la'asar, kuma sau da yawa nakan tarar da igiyar a jiƙe. Ba raɓa ba ce, don rana ta gama dukanta. An kuma naɗe ta ba irin naɗina ba. Na ce wataƙila masu shanu ne. Amma ba sawun shanu.

Wata rana na je da rana tsaka, lokacin da ake hana yara zuwa bakin ruwa. Ba iska, ba motsi, ruwan ya yi fari fat kamar kwanon da aka goge. Turken ba komai a kansa. Goran yana can a kan ruwa kusa da giginyar, tsaye wuri ɗaya, igiyar ta miƙe daga gare shi zuwa gaɓa. Na bi ta da ido, sai na ga ƙarshenta a hannun wata tsohuwa da ke zaune a inuwar wani tsohon kwale-kwale da aka kife tun da daɗewa. Na san ta sama-sama, daga wata unguwa ta bayan gari take. Ɗanta ya nitse shekaru da yawa da suka wuce, kuma shi ne ba a taɓa samu ba.

Na yi sallama. Ta amsa ba ta juyo ba.

“Kai ne ka rataye?”

“Ni ne, Iya.”

“Allah ya yi maka albarka. Sun sauke wancan ba su same shi ba, suka ce in yi haƙuri. Na yi. Ashe akwai mai tunawa.” Ta ɗan ja igiyar, ta saki. “Nan yake tsayawa kullum. Ka gani? Ko ta ina na jefa, nan yake zuwa.”

Na duba. Yana iya yiwuwa igiyar ce ta ƙare a nan, ko rassan da ke ƙasa suke riƙe ta. Na zauna nesa kaɗan da ita har ta gaji ta jawo shi, ta naɗe igiyar a gwiwar hannu irin naɗin masu jan guga, ta rataye, ta tafi.

Da na koma gida na sami Inna tana murza tunkuza. Na zauna na ce mata ina tsoron mashigin kwari. Ta ce ta sani, ita ma ba sonsa take yi ba. Na ce to ta dawo na gari mana, gora ne kawai, icce ne da igiya.

Ta goge hannu ta shiga ɗaki, ta kira ni. Ta buɗe akwatinta ta ɗaga zannuwa har ƙasa, ta nuna mini farin yadi a ninke.

“Ka san wannan?”

Na ce na sani, likkafani ne.

“Tun kafin ka tafi jami'a na saye shi. Na san inda yake, ƙanwarka ta san inda yake. Ka taɓa ganin na shanya shi a ƙofar ɗaki?” Ta mayar da zannuwan ta rufe. “Ni ban ce ka jefar da abinka ba.”

Na yi kwanaki ina juya maganar. Abin ceto da ba a gani, baƙo ba zai san da shi ba, kuma lokacin da za a ɓata wurin ɗauko shi yana iya zama shi ne ran mutum. Duk abin da na karanta ya ce a sa shi a fili. Har yanzu ina ganin da hukuma ce ta kafa irin na hoton nan a kowane mashigi, mai launin da bai yi kama da na masunta ba, da wataƙila an karɓa. Wataƙila kuma a'a. Amma Inna tana sauka matakalar yumɓu duk mako, wannan kam ba wataƙila a cikinsa.

Na tumɓuke turken. Na tura goran da igiyar ƙarƙashin tsohon kwale-kwalen da aka kife, ta gefen da ya ɗaga. Na bi gida gida na faɗa, na gaya wa mai kwale-kwale, ya ce, “Madalla, an yi jana'izar gora.” Tsohuwar ce na rasa yadda zan yi da ita. Da na je gidanta na fara kame-kame, ta katse ni ta ce, “An same shi?” Na ce a'a, Iya. Ta ce, “To,” ta ci gaba da tsince wakenta. Ba ta sake zuwa bakin ruwa ba, iyakar sanina, kuma ta rasu da bazarar da ta biyo.

Na ce iyakar sanina, domin ko bayan rasuwarta na taɓa zura hannu ƙarƙashin jirgin na ji igiyar da danshi. Ƙasan wurin tana riƙe sanyi, ina jin shi ne dalili.

Ranar kasuwar da ta biyo bayan tumɓuke turken, matan suka gangaro mashigin gari. Ba wadda ta dubi jirgin da aka kife, amma kowacce ta ɗan kauce masa, hirarsu ta yi ƙasa har suka wuce. Inna ta taka cikin ruwa iya idon sawu, ta ɗora jarkarta, ta shiga ta zauna. Ni na tsaya a gefen tsohon jirgin, tafin hannuna a kan katakonsa mai zafi. Mai kwale-kwale ya tura. Na bi bayan gyalenta da ido har suka zo daidai giginyar, suka gota ta. Daga nan igiya ba ta kaiwa. Na ɗauke hannuna na hau tudu.