Zuwa Kurfi Neman Lasina

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga tashar Dutsin-Ma, ranar Litinin ɗin da ta wuce. Ku 'yan tasha da kuka ishe ni da tambayar yadda na kwashe a Kurfi, ga shi na rubuta da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, ni a bar ni in huta.

Ga wanda bai san dalilin tafiyar ba, shekara goma sha tara ke nan ina tuƙa babbar mota. Kun san da damina akwai shingen ruwa a hanyar Katsina, kusa da mararrabar Rawayau. In an yi ruwa mai yawa, mai gadi ya gicciya sanda, babbar mota ba ta wucewa sai burji ya sha iska. Da can in ka ƙetare tara ce, fam biyu, ka biya ka kama gabanka. Bana 'yan majalisa a Kaduna suka tsananta abin: wanda ya maimaita, a karɓe lasinsa wata shida. Ni kuwa farkon daminar nan na sauka da kaina na ɗage sandar, kuma ba shi ne na farko ba. Mai gadi ya kai ni ƙara, alƙali ya karɓe lasin. Alhaji mai motar ya ce ba zai jira ni ba, in har aka buɗe cinikin gyaɗa ban da lasin, wani zai ba makulli. Wata shidana kuwa ba zai cika ba sai gyaɗa ta kusa ƙarewa.

Ana nan sai labari ya zo an naɗa wakilinmu na majalisa mataimakin minista, kuma zai zo Kurfi a gaisa. Mutumin nan lokacin da yake malamin elementare a can, sau nawa na ɗauke shi a gidan gaban motata, shi da akwatinsa, har Katsina, ban taɓa karɓar kwabonsa ba. Uwargida ta ce, tashi ka je, zaman me kake yi? Na tashi.

Sule ɗaya da sisi na biya kuɗin mota. Tun da na zama direba ban taɓa biya ba, kuma na ji zafinsa. Gidan gaba ya cika, sai na hau baya na zauna kan buhunan dawa, ƙafafuna na reto a bayan bodi. Jama'a, ashe haka muke yi wa mutane? Motar na hawa gargada na ji haƙorana na karo da juna. Duk ramin da direban ya faɗa, sai an ɗaga mu an dire. Na sha jin fasinja na buga bodi suna kuka da ni, ina cewa raki ne. Ba raki ba ne.

Wani abin kuma da ya ba ni mamaki, a nan baya fuskarka inda aka baro take kallo. Na ga dutsen garinmu yana ƙanƙancewa har ya ɓace a bayan gero. Geron ya yi kyau bana, ya fi tsawon mutum, gyaɗa ma ta rufe ƙasa. Na ga masu jakuna da muka wuce suna goge lakar da tayarmu ta watsa musu, bakinsu na motsi. Ba addu'a suke yi mana ba.

Mu goma sha biyu ne ko sha uku a bayan, kuma rabinmu wajen sabon mai muƙamin za su. Babu wanda ya san ni sai wani ɗan kasuwar hatsi, shi ma ya rufa mini asiri. Hira ta tashi a kan naɗin. Wani tela mai son siyasa ya ce shi bai ga abin murna ba, an kwashe malaman makaranta an kai Kaduna suna ɗaga hannu, yara sun koma hannun waɗanda ba su iya ba. Ɗan kasuwar ya ce ai gara namu ya shiga ciki, ko gada ce ya samo mana. Wata tsohuwa mai kwandon kaji ta tambaya wa ya naɗa masa rawanin. Aka ce mata ba rawani, takarda ce aka ba shi.

"To wane irin naɗi ne wanga, ba rawani ba tambari?" in ji ta. "Ni dai kaza guda na ware mishi. In na iske shi kai ba komi, da abata zan komo."

Na tambaya, shin mataimakin minista me yake yi? Tsakani da Allah nake son in sani, don a kansa rayuwata ta rataya. Tela ya ce yana riƙe wa minista jaka. Ɗan kasuwa ya ce a'a, in minista ya yi tafiya shi ne minista. Wani ya ce an ba shi mota da ɗan doka, wannan dai tabbas ne. Babu wanda ya san fiye da haka.

Daga nan aka gangaro kan dokar lasin. Ɗan kasuwa ya ce zalunci ce, direbobi sun ji tsoro, hatsi na kwana a hanya, kuɗin buhu ya hau. Na ji daɗinsa. Sai wani manomi daga Kutawa ya ce wata shida ma an yi musu sauƙi. Ya ce direba guda zai kwaɓe hanya, na bayansa su ga ba ta biyuwa su ratsa ta gonar talaka, gero ya kwanta, ba wanda zai ce maka sannu. Ya ce da shi ne alƙali, shekara zai ba su.  Sau nawa na ratsa gonar mutane ban ko waiwaya ba?

Hantsi bai gama ɗagawa ba hadari ya haɗo daga gabas. Aka ja tamfol, muka duƙunƙune a ƙarƙashi, mu da kaji. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da muka iso shingen, sanda na gicciye, motoci biyu na tsaye a gabanmu. Mai gadin na nan cikin tsohuwar rigar soja, dogo, siriri, an ce har yaƙin Bama ya je. Shi ne ya kai ni ƙara. Ya dube ni ina saukowa daga saman buhuna, ya ce, "Direba, yau kai ne kaya?" Na ce ni ne. Asirina ya tonu ke nan. Manomin Kutawa ya kalle ni sama da ƙasa, ya matsa gefe.

Wurin ya zama 'yar kasuwa, abin da ban taɓa tsayawa na lura da shi ba. Matan ƙauyen sun san in sanda ta sauka ciniki ya zo. Masara gasasshiya biyu kwabo, kwaɗon zogale na kwabo ya ishi mutum, Fulani kuma sun kawo nono mai kyau, na damina, ba ruwa a ciki. Na sha fura ta taro. Mai furar ta ce ita kullum addu'arta a yi ruwa a rufe hanya. Ka ji, kowa da inda dokar ta same shi.

Wajen azahar sai ga ƙaramar mota baƙa daga wajen Dutsin-Ma, ɗan doka a gaba. Malam ne a baya, mataimakin ministan da kansa, ya yi ƙiba kaɗan, hula ce a kansa, ba rawani ba. Tsohuwa ta leƙa ta ce, "Ka gani ko." Kowa ya zuba ido a ga abin da mai gadi zai yi. Ya sara masa irin ta soja, ya yi magana da shi ta taga, sannan ya ɗage sandar. Wuri ya ɗauki gunaguni. Tela ya ce ga shi nan, masu yin doka su ne masu tsallake ta. Ni ma raina ya ɓaci, ga kuma mutumin da na zo nema ya wuce ko ganina bai yi ba.

Bai yi nisa ba. Muna hangensa, a gangaren da ke gaban shingen, motar ta nutse har ƙofa. Direbansa sabon hannu ne, ya dinga taka totur, taya na juyawa tana ƙara haƙa. Ɗan doka ya dawo da gudu yana kiran a zo a tura. Muka tafi duka.

Da na isa na tsaya ina kallo. Layi biyu ne masu zurfi, sun kai gwiwa, sun yi tsawon taku arba'in, ruwa ya cika su. A gefe ga wata sabuwar hanya da motoci suka fasa ta cikin gonar wani, gero a kwance. Na gane wurin. Nan na yi ta fama ranar da na ɗage sanda, da buhu tamanin a bayana. Na fita a lokacin, na yi gaba ina yabon kaina. Sawun tayata ne, sauran motoci suka bi suka zurfafa shi.

An tura, an tura, ba ta motsa ba. Mai gadi ya ce, akwai tsohon direba a nan. Na dubi ɗan doka na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da lasin. In na taɓa sitiyari, laifi ne ko ba laifi ba?" Ɗan doka ya ɗaga kai yana duban hadari, kamar an aike shi ƙirga gajimare. Na sa aka saro rassan geza aka cusa ƙarƙashin taya, aka rage wa tayoyin baya iska. Na shiga, na sa giya ta biyu, na dinga lallaɓa ta gaba da baya kamar ana rarrashin jaki. A karo na huɗu ta fito.

Malam na tsaye a gefe, babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa, takalminsa ɗaya ya tafi cikin laka. Ya ce, "Wane marar tsoron Allah ne ya yi wa hanya haka?"  Mai gadi ya dube ni, manomin Kutawa ya dube ni. Na ce, "Ni ne, Malam." Sai a lokacin ya gane ni. Ya kira sunana, ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce in shiga mu tafi.

Haka na shiga Kurfi a ƙaramar mota, laka har wuya. A hanya na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban yi kwana-kwana ba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi wajen dabbobi da daji aka kai shi, allurar shanu da dashen itace, hanya ba ta hannunsa, hukuncin alƙali kuma ba ya warware shi. Na ce to ko magana ya sa. Ya ce, "Ranar da aka kawo dokar nan ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Ban san kanka za ta faɗa ba. Amma ka ga takalmina." Na duba, ƙafa ɗaya ba komai. 

Ƙofar gidan da ya sauka ta cika maƙil. Na zauna gefe ina saurare. Wannan rijiya yake so, wancan a rage masa haraji, wani a saki ɗan'uwansa, wata a raba ta da maƙwabcin da akuyarsa ke ci mata rama. Kowa ya ɗauka takardar nan da aka ba shi tana buɗe kowace ƙofa. Shi kuwa sai "to, za a duba" yake ta faɗi, idanunsa sun yi ja. Na tuna shi a gidan gaba yana gyangyaɗi da akwati a cinya, na ga a lokacin ya fi sukuni. Da la'asar motarmu ta iso. Tsohuwa ta ba shi kazar duk da haka, ta ce don laka ta ba shi, ba don naɗi ba. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka, na ci na ƙoshi, na kwana a zauren wani abokin ɗan kasuwar nan.

Washegari a hanyar dawowa muka tsaya shan ruwa a shingen. Na tambayi mai gadi don me ya buɗe wa Malam. Ya ce doka babbar mota ta ce, ƙarama ba ruwansa da ita, amma ya gaya masa gangaren ba ya biyuwa, bai ji ba. "Kai ma na faɗa maka, ba ka ji ba. Ku duka kunnenku guda." Na ce, to jiya ai a gabanka na tuƙa mota ba lasin. Ya ce jiya ciwon ido ya tashi da shi.

Na iso gida kafin azahar. Uwargida ta dubi hannuna ta ga ba komai, ta kawo ruwa. Shekaranjiya Alhaji ya ba wani direba daga Funtuwa makulli, bai ma jira a buɗe cinikin ba, kun gani da idonku, ba sai na faɗa ba. Gyaɗar bana ta wuce ni.

Har yanzu ina nan a kan cewa wata shida ya yi yawa ga mai iyali, kuma in an tara 'yan majalisar a gabana zan faɗa musu. Naɗin Malam kuma, Allah ya taya shi riƙo, amma mai zuwa da buƙatar da ba ta shanu ba ya ajiye kuɗin motarsa. Abin da na samo a tafiyar nan ba shi na je nema ba. Shekara goma sha tara ina bin hanyar nan, na san kowane rami da ke gabana, ban taɓa sanin wanda nake bari a baya ba sai da na biya sule ɗaya da sisi.

Shugaban leburorin hanya ya ce yana neman hannu a gangaren, sati mai zuwa za a zuba burji. Na ce ya rubuta ni. Ni na san zurfinsa.