Kawu da Tsohon Direba

Kawuna ya tsufa yana koyar da ilimin halittu. Kullum cewa yake tausayi dabara ce da jinsinmu ya gada don kada ya ƙare, shi ya sa kowa ke fifita jininsa.

Bayan ya yi ritaya, ɓarin jikin maƙwabcinsa, tsohon direba marar kowa, ya shanye. Kawu ne ke masa wanka da aski, yana ɗaga shi har nasa bayan ya soma ciwo.

Matarsa ta tsokane shi: "Malam, wannan ma jininka ne?"

Ya ce, "A'a. Amma ido ma gadonsa na yi, kuma abin da yake gani yana nan. Miƙo tawul."

Bai fasa ba sai da direban ya taka da sanda.